Tambaya da Amsa: Ina Zan Kai Yara a Kuala Lumpur Ban da Dogayen Benaye da Kantuna?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Maigidana yana karatun digiri na uku a Serdang, kusa da Kuala Lumpur a ƙasar Malesiya, kuma in Allah ya yarda zan kai masa yara a dogon hutun watan Agusta, mu yi mako biyu. Yaran uku ne: babbar mace ce mai shekara 12, sai namiji mai 8, sai auta mai 4. Shi da kansa ya ce daga ɗaki sai jami'a, abin da ya sani a garin bai wuce tagwayen benayen nan da manyan kantuna ba. Kuɗinmu kuma ba masu yawa ba ne. Don Allah ina za mu kai yaran su ji daɗi, su kuma ƙaru? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya kai ku lafiya, ya ba maigida sa'ar abin da ya je nema.

Ki fara sanin yanayin garin, domin shi ne zai tsara miki yini. Zafin rana a Kuala Lumpur yakan tsaya wajen digiri 32 zuwa 33, amma da laima mai nauyi wadda ba ta barin gumi ya bushe, kuma yaro ɗan shekara 4 ba zai jure ta fiye da awa biyu ba. Ruwan sama ya fi sauka da la'asar, da tsawa, ya ɗan jima ya ɗauke. Saboda haka duk wurin da yake a fili a je shi da safe, tsakar rana a kasance a ƙarƙashin rufi, sai bayan ruwa ya ɗauke a sake fita. Wuri ɗaya babba a yini ya wadatar. Agogonsu kuma yana gaba da na Najeriya da awa 7, don haka kwana biyun farko yaran za su yi ta barci da rana suna farkawa cikin dare. Kada ki saka wani abu mai tsada a waɗannan kwanakin.

Kun yi sa'ar wurin zama. Layin jirgin ƙasa na MRT Putrajaya, wanda aka gama buɗewa a watan Maris na 2023, yana ratsa Serdang, yana da tasha a jami'ar UPM, ya shiga tsakiyar birni ya tsaya a Persiaran KLCC da Titiwangsa, ta ɗaya ɓangaren kuma ya kai Putrajaya. Ku sayi katin biyan kuɗin jirgi na Touch 'n Go ga kowa, ku bar motar haya ta Grab, wadda ake kira ta manhajar waya, don inda jirgi bai kai ba. Shiga jirgin nan kansa fita yawo ne a wurin ɗan shekara 8, musamman da yake babu direba, yaro zai iya tsayawa a can gaba yana kallon hanya.

Idan aka ce in zaɓar miki wuri guda kawai, Kuala Selangor zan zaɓa, kuma shi ne wanda baƙi masu gajeren zama suka fi tsallakewa. Ƙaramin gari ne a bakin kogin Selangor, arewa maso yamma da birnin, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a mota daga wajenku. Ku tashi bayan azahar ku fara da tsaunin Bukit Melawati, inda akwai ragowar ganuwar sarakunan Selangor, da tsofaffin igogi, da hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1907. A nan ne birai masu gashi ruwan toka suke zaune, masu sanyin hali, kuma jariransu ruwan lemo ne jawur kafin su girma su rikiɗe. Yara sukan daɗe suna tambayar yadda aka yi uwa mai ruwan toka ta haifi ɗa mai wannan launi.

Amma abin da ya sa na ce ku je yana zuwa ne bayan magariba, wadda a can takan kai wajen ƙarfe 7 da rabi. A ƙauyen Kampung Kuantan ana shiga ƙaramin kwale-kwale da ake tuƙawa da hannu, babu inji, a bi gefen kogin cikin duhu. A kan bishiyoyin da suke kira berembang dubban makesu ne, ƙwarin nan masu ƙyalli da dare, kuma irin na wurin suna da wata baiwa: mazansu suna kunna haskensu su kashe a tare, bishiya guda ta haska gaba ɗaya ta mutu gaba ɗaya, ta haka suke kiran mata. Rayuwarsu ta rataya ne a kan waɗannan bishiyoyi da ƙananan dodon koɗin da tsutsotsinsu ke ci a cikin taɓon bakin kogi, shi ya sa idan aka sare dajin gefen ruwa ko aka haska wurin da fitilu sai su ragu. Wannan darasi ne da babbar 'yarki za ta riƙe fiye da yadda za ta riƙe shi daga littafi. Ki duba kwanan wata na Musulunci kafin ku tsayar da rana: ƙarshen wata ko farkonsa, lokacin da babu farin wata, shi ne ya fi, kuma daren da ake ruwa ba a ganin abin kirki. Kwale-kwale ɗaya yakan ɗauki mutum huɗu, ku biyar ku shirya wa guda biyu. Ana ba kowa rigar hana nutsewa, ki tabbata ta auta ta kama jikinsa. Ba a haska fitilar waya, ba a kama ƙwarin. Hoton ma ba ya fita, ki ajiye wayar ki kalla da idonki.

Na biyu a wurina shi ne masana'antar Royal Selangor da ke unguwar Setapak. Kuala Lumpur garin kuza ne tun asali: a 1857 ne masu haƙar kuza suka sauka a inda kogin Klang da kogin Gombak suka haɗu, daidai inda Masjid Jamek yake tsaye tun 1909. Duk wanda ya san tarihin Jos zai gane labarin nan da wuri, domin ma'adinin ɗaya ne, kuma Turawan Ingila ne suka yi kasuwarsa a ƙasashen biyu. Wani maƙeri mai suna Yong Koon ne ya kafa sana'ar a 1885, suna narka kuza su gauraya ta da ɗan wasu ƙarafa su yi kofuna da farantai. Zagaya ɗakin tarihi da kallon ma'aikata suna zubi da gogewa kyauta ne. Abin da ake biya shi ne ɗan ajin da ake ba yaro faifan ƙarfe da guduma ta katako ya buga har ya fitar da ƙaramin kwano, ya buga haruffan sunansa a jiki, ya tafi da abinsa. In dai za ki kashe kuɗi a kan wani abu don manyan biyun, a nan nake so ki kashe, ya fi kayan wasan kanti nesa ba kusa ba. Ku nemi gurbi ta intanet tun kafin ranar.

Sai daji. A tsakiyar birnin, gindin hasumiyar Menara KL mai tsawon mita 421, akwai Bukit Nanas, guntun dajin asali da aka killace tun 1906, da gadojin igiya da aka ɗaura tsakanin bishiyoyi, tsawonsu wajen mita 200. Mutum na tafiya a saman kurmi yana hango benaye. Da safe za a je, da takalmi mai rufi. Idan yaran sun nuna son abin, ku ƙara da dajin FRIM, cibiyar binciken gandun daji ta ƙasar, a Kepong. Wurin a da fili ne da haƙar kuza ta lalata, aka fara dasa shi a shekarun 1920, yau ya koma kurmi sosai, har hukumar UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2025. Abin kallonsa shi ne bishiyoyin kafur: idan aka ɗaga kai, sai a ga kan kowace bishiya ya tsaya dab da na maƙwabciyarta ba tare da sun taɓa juna ba, hasken sama na bi ta tsakaninsu. Wasu hanyoyin cikin dajin sai da ɗan rakiya, kuma sun yi wa auta tsawo. Maigida ya ɗauki manyan, ke ki zauna da ƙaramin a lambun da ke gefe.

Yini guda cikakke ku ba wa yankin lambun Perdana, wanda aka kafa a 1888. Da safe gidan tsuntsaye, wanda aka buɗe a 1991, inda aka lulluɓe kwari guda da raga tsuntsaye na yawo sake, ɗawisu na gittawa ta gaban mutum. Tikitinsa da ɗan tsada, amma ya ci kuɗinsa. In rana ta take sai ku gangara Gidan Tarihin Fasahar Musulunci, wanda aka buɗe a 1998 kusa da babban masallacin ƙasa, Masjid Negara. Mutane suna ɗauka wurin manya ne, ni kuwa ban ga inda ya fi shi dacewa da 'yar shekara 12 ba. Akwai zauren da aka jera ƙananan sifofin masallatan duniya, har da Harami na Makka da Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yaro ya zagaya su ya ga ƙofofi da hasumiyoyi daga sama. Akwai Alƙur'anai rubutun hannu daga ƙasashe dabam-dabam, da kayan Musulmin Sin da Indiya da ƙasar Malay. Yaron da ya saba da allo da tawada zai tsaya a gaban rubutun nan ya daɗe. Akwai ɗakin karatu na yara a ciki inda auta zai huta, ku yi azahar a masallacin da ke tsallaken titi.

Tagwayen benayen Petronas kuwa, masu tsawon mita 452, ku gan su, amma hawa sama ba dole ba ne. Abin da yara ke so yana ƙasa: lambun KLCC yana da babban filin wasa da tafkin wanka marar zurfi na ƙananan yara, duk kyauta, ga masallacin As-Syakirin a gefe, ga wasan ruwa da fitilu daga ƙarfe 8 na dare. Ki riƙe musu kayan canji. Ranar da ruwa ya hana fita, cibiyar kimiyya ta Petrosains tana cikin kantin da ke gindin benayen, ko gidan tarihin babban bankin ƙasar a Sasana Kijang, wanda shigarsa kyauta ce kuma yana da zauren yara.

Za a yi ta ce muku ku je Batu Caves. Ki sani cewa wurin bautar mabiya addinin Hindu ne, da babban mutum-mutumi mai tsawon mita 42.7 a ƙofa, da matakala 272 kafin a kai kogon. Zuwa ko rashin zuwa shawararku ce ke da maigida. Ta fuskar yara dai, matakalar ta fi ƙarfin ɗan shekara 4, kuma biran wurin ba irin na Bukit Melawati ba ne, suna fizgar leda da robar ruwa daga hannun yaro. Ni da zan musanya shi da gonar Farm in the City da ke Seri Kembangan, dab da ku, inda yara ke ba kunkuru da barewa da zomo abinci da hannunsu.

Abinci ba zai ba ki wahala ba. Ki nemi tambarin halal na hukumar JAKIM, kuma kusan kowane babban kanti yana da ɗakin salla da suke kira surau. Yara sukan karɓi roti canai, wata irin gurasa, da shinkafa da kaza ba gardama, sai satay, wanda tsirensu ke nan. Ki riƙe kalmomi biyu, "tak pedas" idan ba kya son yaji, "kurang manis" idan kina son a rage sukari, domin shayinsu da zaƙi. Idan akwai yaron da gyaɗa ko jatan lande ke tayar wa da ƙaiƙayi, ki yi tambaya kafin a zuba, suna yawan saka su a miya. Wata yamma ku ci abinci a Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malay mai gidajen katako a tsakiyar birni, ku tako ta gadar Saloma da aka buɗe a 2020 ku fito kusa da benayen.

Zazzaɓin dengi yana nan a garin, kuma sauron da ke kawo shi da rana yake cizo, musamman da safe da yamma, don haka man shafawa na korar sauro ya zama cikin jakarki kullum. Idan yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, asibiti za a kai shi, kada a ɗauka maleriya ce a ba shi magani a gida. Daga Agusta zuwa Oktoba a wasu shekarun hayaƙin gobarar daji daga Indonesiya yakan rufe sararin garin, in akwai mai asma a cikinsu ki taho da maganinsa. Tikitin baƙi ya fi na 'yan ƙasa tsada a mafi yawan wurare, amma maigida ya riƙa nuna katinsa na ɗalibi, wasu wuraren suna ragi. Wurare da dama suna rufewa ranar Litinin, ki duba kafin ku fita. Ban da biza, kowane ɗayanku har auta yana buƙatar katin rigakafin shawara, kuma sai allurar ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, saboda haka ki yi musu tun yanzu. Akwai kuma fom ɗin shiga ƙasa da ake cikewa ta intanet, MDAC, cikin kwana uku kafin saukarku, kowane yaro da nasa.