Tambaya da amsa: Shin duk fim ɗin jarumai na yara ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce a Kaduna, ina da yaro ɗan shekara 8 da yayarsa 'yar shekara 19 da ke jami'a. Yau mako biyu ke nan yaron yana farkawa da tsakar dare yana kuka, yana cewa wata mata marar gashi tana cusa masa yatsu a cikin kai. Maƙwabciyata ta ce iska ce ta biyo Sinners, fim ɗin masu shan jini da yayarsa ta kalla lokacin hutu, kuma ta ba ni shawara in kai shi wurin mai ruƙiyya. Shi dai bai kalli wannan fim ɗin ba. Abin da na sa mai turi ya zuba masa a wayata na jarumai ne kawai, irin su Deadpool & Wolverine da Superman, domin ya ce mini na yara ne. Shin in hana fina-finan ban tsoro a gidana in bar na jarumai? Kuma mene ne ra'ayinka a kan waɗanda yayarsa take kira fina-finan fasaha, masu cin kyauta a bukukuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaron lafiya, ya kuma kwantar miki da hankali. Matar da ɗanki yake gani a mafarki na san ta, kuma ba daga Sinners ta fito ba. Sunanta Cassandra Nova, ita ce muguwar cikin Deadpool & Wolverine, fim ɗin da ke wayarki yanzu haka. Kanta a aske yake tal, kuma hanyar da take karanta tunanin mutum ita ce ta nutsa yatsunta a cikin kansa, a nuna su suna motsi a ƙarƙashin fatar fuskarsa. A wani wurin ta saɓule wa mutum fatar jikinsa baki ɗaya cikin ƙiftawar ido, ragowar jikin ya zube ƙasa, sannan aka bi abin da zolaya. Yaro ɗan shekara 8 da ya ga wannan a ƙaramin allo, wataƙila shi kaɗai a ɗaki, ba ya bukatar iska kafin ya yi kuka da dare.

Maganar da mai turi ya faɗa miki ita ce ɓarnar da nake cin karo da ita kusan kullum, kuma na gaji da jin ta daga bakin mutanen da ya kamata su fi haka sani. An ɗauka cewa da zarar jarumi ya sa jar riga mai matse jiki, ya rufe fuska, kuma asalin labarinsa daga mujallun zane ne, to fim ɗin ya zama ɗan'uwan katun, a miƙa wa yaro a koma kicin. Masu yin fina-finan da kansu ba su taɓa faɗin haka ba. Deadpool & Wolverine, wanda ya fito a watan Yuli na 2024, alamar R aka ba shi a Amurka, wadda ke nufin wanda bai kai shekara 17 ba ba zai shiga silima ba sai da babba, a Birtaniya kuma aka ce sai ɗan shekara 15. Fim ɗin yana buɗewa ne da jarumin yana tone kabari, ya fito da ƙwarangwal ɗin Wolverine, ya riƙa ɓalle ƙasusuwan yana kashe mutane da su, yana tiƙar rawa, jini na fallatsa. Wannan duk kafin a gama rubuta sunayen 'yan wasa ne. Daga nan har ƙarshe ashar ce da barkwancin batsa da maganar hodar iblis. Ya tara sama da dala biliyan 1.3, ya zama fim mai alamar R da ya fi kowane kawo kuɗi, kuma wanda ya ture daga wannan matsayi shi ma daga mujallun zane ya fito, wato Joker na 2019, labarin mai taɓin hankali da ya danne mahaifiyarsa da matashin kai a gadon asibiti, sannan ya harbe mai gabatar da shiri ana tsakiyar watsa shi kai tsaye. Manya ne suka sayi waɗannan tikitoci, domin don su aka yi fina-finan.

Kada kuma alamar PG-13, mai gargaɗin iyaye a kan yaran da ba su kai shekara 13 ba, ta ruɗe ki, domin ita ce ta fi yaudarar iyaye. The Batman na 2022 ita aka ba shi a Amurka, amma hukumar Birtaniya ta dubi kashe-kashen da ke ciki ta ce sai ɗan shekara 15. Superman na 2025 da kika ambata ina son sa, kuma a ganina ya fi yawancin na Marvel na shekarun nan rai, saboda daraktansa James Gunn ya bar jarumin ya zama mai tausayi ba tare da jin kunyar hakan ba, ga kuma karensa marar jin magana da yara ke ƙauna. Duk da haka, a tsakiyarsa akwai wurin da mugun fim ɗin, Lex Luthor, ya durƙusar da wani mai sayar da abinci a titi, wanda laifinsa kawai ya taɓa taimakon Superman, ya yi cacar harsashi da ran mutumin har bindigar ta tashi ta kashe shi. Ɗan shekara 13 zai iya ɗaukar wannan idan akwai babba a gefensa, amma ni ba zan bar ɗan shekara 8 da shi ba.

Abin da ya sa kayan jarumin ba sa kare yaro an daɗe da gano shi. Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin da abokan aikinta sun yi nazarin tsoron yara tun a shekarun 1980, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka gwada shi ne tsohon shirin talabijin na Hulk. Ƙananan yara sun fi firgita ne bayan mutumin ya rikiɗe ya zama ƙaton koren dodo, alhali a lokacin ne yake zuwa ceto, domin su kamannin abu suke gani kafin niyyarsa. Yaran da suka ɗan tasa kuwa sun fi jin tsoron abin da zai iya faruwa da gaske, kamar harbi da satar mutane. Ɗanki yana tsakanin biyun, kuma fina-finan da aka zuba masa sun haɗa masa duka. Wani abu da ya fi damuna shi ne dariyar da ake lulluɓe kisan da ita. Fim ɗin ban tsoro yana yi wa mai kallo gargaɗi da duhu da kiɗa, har yaro ya rufe ido ko ya gudu wurin uwarsa. Deadpool kuwa yana sa waƙar rawa a daidai lokacin da ake sare kai, saboda haka yaron yana kallo ido buɗe har ƙarshe, sai dare ya yi hoton ya dawo masa babu waƙar.

Laifin ba na mai turi ne shi kaɗai ba, ko da yake shi ne ya buɗe baki ya ce na yara ne ba tare da ya kalla ba. Na taɓa tsayawa a wani shagon turi na ga an buɗe jaka a kwamfuta mai suna "Yara", a cikinta an cakuɗa katun ɗin zaki da na kifi da Logan na 2017, fim ɗin Wolverine da yarinya ƙarama take fitowa riƙe da kan mutum ta jefar da shi a gaban abokansa. Da na yi magana, sai yaron shagon ya ce ai mai faratan ƙarfe ne, yara na tambayarsa. Alamar shekaru tana jikin fosta da tallan fim da ƙofar silima, kuma duk waɗannan ba sa biyo fim ɗin zuwa cikin memori. Hukumomin tace fina-finanmu, ta tarayya da ta Jihar Kano, ƙarfinsu yana ƙarewa ne a kan abin da aka shirya a gida ko aka haska a silima. Za a yi ta takaddama a kan rawar minti uku a fim ɗin Hausa, alhali dubban wayoyi suna cika da abin da babu wanda ya duba. Idan an yi wa fim ɗin fassarar Hausa abin ya ƙara muni, domin mai fassara yakan tsabtace ashar ɗin ya mayar da ita barkwanci, uwa ta ji daga tsakar gida ana raha da Hausa ta saki jiki, hoton kuwa yana nan yadda yake.

Game da maƙwabciyarki, addu'a ba ta da laifi, kuma ki riƙa tofa masa Falaƙi da Nasi lokacin kwanciya kamar yadda aka saba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a kai yaron da ya faɗi abin da ya gani dalla-dalla wurin wanda zai kulle shi a ɗaki da hayaƙi, ya tsawata masa, ko ya ɗauki bulala da sunan dukan aljani. Yin haka zai tabbatar masa cewa da gaske akwai wani abu a cikin kansa, wanda shi ne ainihin abin da yake tsoro. Ki goge fim ɗin, ki gaya masa sunan matar, ki nemi hoton Emma Corrin, 'yar wasan da ta fito a matsayinta, da gashi a ka ana dariya a wurin biki ki nuna masa, ki bayyana masa cewa yatsun da kwamfuta aka zana su. Ki bar masa ɗan haske a ɗaki na wasu kwanaki. Idan abin ya kai wata guda bai ragu ba, ko ya zo da fitsarin kwance da ba ya yi a da, ko sanƙarewar jiki da jijjiga, to aikin likitan yara ne.

Yayarsa kuwa ta kai shekarun da za ta kalli Sinners, sai dai ki sani akwai zantukan kwanciya da wurare biyu ko uku da ba a kallo tare da iyaye. A wurina yana cikin mafi kyawun abin da ya fito a 2025. Daraktansa Ryan Coogler ya kai labarin jihar Misisifi ta Amurka a 1932, inda wasu tagwaye, waɗanda Michael B. Jordan ya fito a matsayinsu duka, suka buɗe gidan rawa na baƙar fata na dare ɗaya. Masu shan jinin ba sa iya shiga sai an gayyace su ciki, kuma abin da shugabansu yake so shi ne kiɗan yaron da ke rera waƙa, da tarihin kakannin da kiɗan ke kirawowa, wanda hakan ya mayar da fim ɗin magana a kan yadda ake ƙwace fasahar mutane da daɗin baki. Wunmi Mosaku, wadda ta fito a matsayin Annie kuma ta fi kowa nauyi a fim ɗin a ganina, a Zariya aka haife ta, kuma tana da ɗan fitowa a Deadpool & Wolverine ɗin ma. Akwai na ban tsoron da ba zan yaba ba ko ga babba, kamar Terrifier 3, wanda Faransa ta haramta wa 'yan ƙasa da shekara 18, domin babu komai a cikinsa sai gwanintar yanka.

Kyautar biki ita ma ba shaidar tsabta ba ce, kuma wannan kuskuren ƙanen na farko ne. Anora, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa a 2024 da ta Oscar a 2025, labarin mai rawar tsiraici ne kuma bai ɓoye komai ba. The Substance, da ya ci kyautar rubutun labari a Cannes ɗin, yana da magana mai ma'ana a kan yadda ake zubar da mace idan ta manyanta, amma ƙarshensa ambaliyar jini ce, kuma ni ina ganin ya maimaita batunsa har ya gundure ni. Idan yayar tana son abin da za ku zauna ku kalla tare, ta nemo Perfect Days na Wim Wenders, labarin wani dattijo mai wanke banɗakunan jama'a a Tokyo, wanda kusan babu abin da ke faruwa a cikinsa sai aiki da kaset da hoton bishiyoyi. Shi kuma ƙaramin, idan barcinsa ya daidaita, akwai Flow, katun ɗin ƙasar Latbiya da ya ci Oscar a 2025, wanda babu magana ko ɗaya a cikinsa, sai kyanwa da kare da wasu dabbobi a jirgin ruwa bayan ambaliya. Akwai wuraren da kyanwar ta kusa nutsewa, don haka ki fara kallonsa ke kaɗai, sannan ki zauna kusa da shi a karon farko.