Abin da ke sa jinkirin da'irar 555 ya riƙa sauyawa

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa da'irar jinkirin da ka haɗa da 555, wato ƙaramin guntun lantarki (IC) mai ƙayyade lokaci, a shagonka na Alaba take sauya lokaci idan rana ta take. Mafi yawa laifin kafasita ne, wato ɓangaren da ke tara cajin lantarki. Tsawon jinkirin shi ne 1.1 sau rizista sau kafasita, ita kuwa kafasitar ilektirolitik tana iya kauce wa ƙimarta da kashi 20 cikin ɗari, kuma yoyon lantarkinta yana ƙaruwa da zafi, ga kuma laimar Legas a kan allon da'irar. Ka musanya ta da kafasitar seramik nau'in C0G, wadda zafi ba ya sauya ƙimarta sosai. Amma idan jinkirin mai tsawo ne, shawarata ka ƙirga bugun kiristal mai bugu 32,768 a daƙiƙa da CD4060, guntun lantarki mai ƙirga bugu, wanda ke mayar da shi bugu 2 a daƙiƙa.