Jiƙo, tsimi da zancen "ɗaci na kashe zaƙi"

Wani mai karatu daga unguwar Birni a Damagaram ya rubuto cewa mahaifiyarsa tana fama da ciwon sukari, kuma a kasuwar Dole an ba ta aduwa da goruba, aka ce ta riƙa shan jiƙonsu. Yana son sanin bambancin jiƙo da tsimi, da kuma ko "ɗaci na kashe zaƙi" karin magana ce.

Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Jiƙo daga "jiƙa" ya fito, wato a zuba ƴaƴan itace, sassaƙe ko saiwa cikin ruwa har ruwan ya ɗauki launinsu da ɗanɗanonsu, a tace a sha. Tsimi kuwa daga "tsima" yake, shi ne jiƙon da aka bari ya kwana ya kama jikinsa, shi ya sa ake ce wa mutumin da ya daɗe cikin wata harka "ya tsimu". Abin da masu bincike ke tatsowa a ɗakin gwaji daban yake, domin sukan busar da ɗan itacen, su niƙa, su tsamo sinadaransa da ruwa ko barasar gwaji, sannan su auna nauyinsa. Mai jiƙo a ƙwarya ba ya da wannan ma'auni.

Maganar ɗaci kuma, a ganina, zato ne da ya yaɗu har ya yi kama da karin magana. Mutane sun ga maɗaci da garahuni suna cikin kayan magani, sai suka ɗauka duk mai ɗaci maƙiyin sukari ne. Aduwa kanta ta rushe wannan lissafi, tunda duk wanda ya ɓare busasshen ɓawonta ya tsotsi naman mai danƙo ya san zaƙi da ɗaci a haɗe suke, kuma zaƙin nan sukari ne na gaske. Gaskiya ne a Masar an daɗe ana ba masu wannan ciwo aduwa, kuma gwaji a kan ɓeraye ya nuna ruwanta na rage sukarin jini. Haka kuma garin ƴaƴan kuka yana da bitamin C mai yawa, goruba da tsamiya na ɗauke da sinadarai masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Sai dai kare ƙwayoyin jiki aiki ne guda, daidaita sukarin jini wani aikin ne dabam.

Karin maganar da ta dace a nan ita ce "sai an gwada akan san na ƙwarai". Metformin, ƙwayar da ake yawan ba masu ciwon sukari, asalinta daga wani tsiro na Turai ne, amma sai da likita Jean Sterne ya gwada ta a kan mutane a Faransa a 1957 ta samu karɓuwa. Saboda haka kada Hajiya ta bar maganin likita, kuma ku sanar da shi jiƙon da take sha, domin haɗa su biyun na iya sauke sukari fiye da kima.