Shin jin daɗi da wahala su ne ma'aunin kirki da mugunta?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mun kwana muna gardama da abokina a ɗakinmu na jami'a. Ya dage cewa babu wani ma'aunin kirki da mugunta sai jin daɗi da wahalar masu rai, kuma tunda ji a ƙwaƙwalwa yake, wata rana kimiyya za ta auna ta faɗa mana daidai da kuskure. Raina bai kwanta da maganar ba, amma na kasa kamo bakin zaren. Daga wani ɗalibi, Zariya.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Kada ka raina maganar abokinka, domin tana da ƙarfi kuma ta daɗe. Masanin falsafa Jeremy Bentham na Ingila ya kafa ta a 1789, har ya ce abin tambaya game da dabbobi shi ne ko suna shan wahala, ko da ba su iya magana ko tunani. A zamaninmu marubuci Sam Harris na Amurka ya sake ɗaga ta a 2010, shi ne ya ƙara mata batun kimiyyar ƙwaƙwalwa. Mu ma ba baƙuwarmu ba ce. Ka san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Duk tarbiyyar da ba ta damu da kukan mai jin zafi ba, ni ban yarda da ita ba.

Inda na rabu da shi shi ne kalmar nan "babu sai". Ɗauki mutum da amininsa yake cin amanarsa shekara ashirin, yana kushe shi a bayan ido, yana yi masa dariya a gaban ido. Mutumin ya rasu cikin farin ciki, bai taɓa sani ba. A ma'aunin ji, ba a taɓa shi ba ko kaɗan. Amma tambayi kowace tsohuwa a unguwarku, za ta ce an cuce shi, kuma gaskiyarta. Masanin falsafa Robert Nozick ya kawo irin wannan misali a 1974: da za a ƙera na'urar da za ta jona da ƙwaƙwalwarka ta sa ka ji kamar ka samu duk abin da kake buri, alhali kana kwance kamar gungume, za ka yarda a jona ka har mutuwa? Da yawa sukan ƙi. Ashe muna son iyali na gaske da amana ta gaske, jinsu kaɗai bai ishe mu ba.

Malamanmu sun hango wannan da wuri. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya gina maslaha a kan kare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Duba da kyau, daɗi ba ya cikin jerin. Mashayi yana jin daɗin giyarsa, amma an hana shi don a tsare masa hankali. Maslahar mutum ta fi abin da yake ji a wannan sa'a faɗi.

Sai wata matsalar da masanin falsafa David Hume ya nuna tun wajajen 1740: daga "abu kaza haka yake" ba a tsallakawa kai tsaye zuwa "haka ya kamata a yi". Na'ura za ta iya nuna cewa duka yana sa yaro wahala. Cewa wahalar yaron wani ta shafe ni, har in bar ribata dominta, wannan hukunci ne da abokinka ya shigo da shi daga gida kafin ya kunna na'urar.

Yanzu ga batun ji kansa, wanda ya fi ɗaure kai. Hausa ta yi hikima da ta haɗa sauti da ƙamshi da zafi da ɗanɗano da fahimta a kalma guda, "ji". A ƙwaƙwalwar mutum akwai ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma masana sun san abubuwa da yawa game da yadda saƙon zafi yake tashi daga yatsa ya isa ƙwaƙwalwa. Abin da ya gagara shi ne dalilin da wannan kai-komo na lantarki da sinadarai yake zuwa tare da raɗaɗin da wani yake ji daga ciki. Masanin falsafa David Chalmers ya kira wannan tambaya "matsala mai wuya" a tsakiyar shekarun 1990, kuma har yau masana ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Thomas Nagel, shi ma masanin falsafa, ya buga misali da jemage: ko ka haddace ƙwaƙwalwarsa duka, ba ka san yadda duniya take a wurin halittar da ke gane hanya da amsa-kuwwa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma da haka muke gane jin juna. Amma a 2006 masanin ƙwaƙwalwa Adrian Owen da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila sun sa wata mata 'yar shekara 23 a na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Hatsarin mota ya kwantar da ita wata biyar, likitoci sun ɗauka ba ta cikin hayyacinta. Aka ce ta raya a ranta tana buga tanis, sannan tana zagaya ɗakunan gidansu. Ƙwaƙwalwarta ta amsa kamar ta masu lafiya. Fuska ta yi shiru, mutum yana ciki.

Abokinka zai ce ga kimiyya nan ta yi aiki, kuma lallai ta yi, na ji daɗin wannan bincike ƙwarai. Sai dai ka lura da abin da ta gano: cewa akwai mai ji a wurin. Nauyin wahalarta in an gwada da ta wani, da ko ya halatta a sadaukar da ita don mutum goma su huta, hoton bai faɗa ba. Idan kun koma gardamar, tambaye shi wannan: da na'urar ta nuna matar ba ta jin komai, shin ya halatta a yi mata tsirara a gaban jama'a, ko a karya wasiyyar da ta bari? In ya ce a'a, sai ya gaya maka wane ma'auni ya ɗauko.