Shayin rage ƙiba: ruwa ne ke fita ko kitse?

Tambaya: Na sayi shayin rage tumbi a Instagram. Cikin mako ɗaya na sauke kilo uku, sai dai kullum ina zaryar banɗaki, da dare kuma jijiyar ƙafa tana ɗaure mini. In ci gaba?

Amsa: 'Yar'uwa, ki ajiye shi tun yau. Galibin irin wannan shayin da ganyen filasko ake haɗa shi, shi ne ake rubutawa senna a jikin kwali. Aikinsa zaburar da babban hanji ya kora bayan gida, awa 6 zuwa 12 bayan an sha. Kafin abinci ya isa can, ƙaramin hanji ya riga ya tsotse mai da sukarin da ke ciki, saboda haka ruwan jikinki ne ya fita, kitsen yana nan. Kafin kilo ɗaya na kitse ya narke sai jiki ya ƙona kusan kalori 7,700 (kalori ma'aunin kuzarin abinci ne) sama da abin da ya ci. Kilo uku a mako ɗaya ba ta hanyar shayi ba.

Ɗaurewar jijiyar nan ita ta fi damun mu. Gudawa tana tafiya da sinadarin fotasiyam, kuma idan ya yi ƙasa sosai har bugun zuciya yake rikitawa, balle ga mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Ki sha ruwan gishiri da sukari na ORS. In kin ji faɗuwar gaba ko jiri, ki je asibiti a auna jininki.

Tambaya: Wani kafso da aka ce zallar ganye ne ya ɗauke mini yunwa gaba ɗaya, amma bakina na bushewa, barci ya ƙi zuwa.

Amsa: Malam, waɗannan alamu sun yi kama da na sibutramine, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Har yanzu ana kama shi a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da ake kira na gargajiya. Ka daina sha, a auna maka hawan jini, ka tafi wa likita da kwalin.

Ko ganyen gaskiya ma yana iya cutarwa. A farkon shekarun 1990, mata sama da 100 a Beljiyam sun samu lalacewar ƙoda saboda wani tsiron Sin da aka saka bisa kuskure a haɗin rage ƙiba. Koren shayi a kofi ba laifi, amma kafsonsa mai ƙarfi yana iya taɓa hanta. Duk wanda idonsa ya yi rawaya ko fitsarinsa ya yi duhu, ya tsaya nan take.

Tambaya: Lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, da ke jikin kwali ta isa shaida?

Amsa: Lambar maganin gargajiya da ke ƙarewa da harafin L tana nuna an duba ko yana da guba ne kawai, ba ta tabbatar da yana rage ƙiba ba. Kwalin da babu lamba, ko jerin abin da ke ciki, ko ranar lalacewa, kada ki ba da kuɗinki. Mai ciki da mai ciwon ƙoda ko hanta su nisanci kayan rage ƙiba baki ɗaya.

Tambaya: Zoɓo da citta da lemon tsami fa?

Amsa: Ba sa narkar da kitse. Amfaninsu shi ne su maye gurbin lemon kwalba, wanda 'yar ƙaramar kwalbarsa ke ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali tara, matuƙar ba a zuba musu sukari ba. Haɗa da rage malmalar tuwo da tafiyar minti 30 a ƙafa kullum, rabin kilo a mako abu ne mai yiwuwa.