Ku Tambaya Mu Amsa: Yawon Gandayen Jihar Arizona

Assalamu alaikum. Iyayena za su zo Amurka bikin kammala karatuna, ina so in kai su Grand Canyon da Monument Valley. An ce in sayi katin shekara. Zai shigar da mu ko'ina?

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a karatun. Katin da ake nufi shi ne America the Beautiful, kuma wuraren gwamnatin tarayya kaɗai yake buɗewa. A Arizona ya haɗa da manyan gandaye uku, Grand Canyon da Petrified Forest da Saguaro, da wuraren tarihi (national monuments) irin su Montezuma Castle. Bambancin iri biyun na doka ne: gandu sai majalisa ta amince, wurin tarihi kuwa shugaban ƙasa na iya ayyana shi da sa hannunsa, bisa wata doka ta 1906. Da ita Theodore Roosevelt ya killace Grand Canyon a 1908, sai a 1919 majalisa ta mai da shi gandu.

Monument Valley sunansa ne ke ruɗin mutane, ba wurin tarihin tarayya ba ne. Na al'ummar Navajo ne, haka ma Antelope Canyon. Kuɗinsu daban, katinka ba ya aiki a can.

Sai ka zauna ka yi lissafi. Mazaunin Amurka dala 80 yake sayen katin, amma daga Janairun 2026 baƙo dala 250 yake biya. Baƙon da ba shi da kati, in ya kai shekara 16, ana karɓar dala 100 a kansa a Grand Canyon, ban da dala 35 na mota. Kati ɗaya na ɗaukar mota da mutanen cikinta, kuma ana neman shaida mai hoto a ƙofa.

Malam, mu huɗu ne, duk matasa. Muna so mu sauka kwazazzabon Grand Canyon har kogi mu hauro a yini ɗaya, cikin watan Yuli. Wace hanya ta fi sauri?

Samari, ku bar wannan shawara. Ma'aikatan gandun da kansu suna gargaɗi a kanta, kuma masu ji da ƙarfi irinku ne suka fi faɗawa.

Mai hawan dutse da wuya yake farawa, in ya gaji sai ya juyo gangara. Kwazazzabo kuwa da daɗi yake karɓarka. Kuna sauka kuna hira, ƙafa ba nauyi, sai kun juya ku ɗaga kai ku ga abin da ke jiranku. Ƙa'idar ita ce hawa yana cin ninki biyu na lokacin sauka. Wanda ya sauka awa biyu, awa huɗu ke gabansa.

Ga kuma zafi. Bakin kwazazzabon na kudu yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,100, shi ya sa da asuba har rigar sanyi ake nema. Ƙasan, wajen masaukin Phantom Ranch kusa da kogi, zafi kan wuce digiri 43 a inuwa. Duk taku ɗaya na sauka, tanda kuke ƙara shiga, duwatsun kuma suna maido zafin da suka sha.

In dai sai kun taka, ku bi hanyar Bright Angel. Tana da inuwa jefi-jefi, da rumfunan hutu a kilomita 2.4 da 4.8 inda akan samu famfo a lokacin zafi. Ku tambaya a ofishin baƙi kafin ku sauka, don bututun ruwan tsoho ne, yakan fashe. Hanyar South Kaibab ta fi kyan kallo, amma ko ɗigon ruwa babu a kanta. Ku fita da asuba, ku juyo daga rumfa ta biyu, kada ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ya same ku kuna hawa.

Kowa ya ɗauki ruwa lita huɗu, da abinci mai gishiri. Wannan na biyun ne ake mantawa. Mutum ya yi ta gumi, farin gishiri ya fito a wuyan rigarsa, shi kuma yana ta ɗura ruwa zalla, sai gishirin jininsa ya yi ƙasa. Ciwon kai, tashin zuciya, ruɗewa, duk kamar na mai ƙishirwa, abokai su ƙara masa ruwa su ƙara masa ciwo. A zaunar da shi a inuwa, a ba shi abin gishiri in yana iya ci. Wanda kuwa jikinsa ya ɗau zafi rau yana sambatu, a jiƙa shi sharkaf a nemi taimako nan take. Kada ku dogara da waya, sabis ba ya kai yawancin kwazazzabon.

Me ya sa ake soke shiga Antelope Canyon alhali rana tana haske?

Hajiya, ruwan da ke kisa a can ba a kanki yake sauka ba. Daminar Arizona daga tsakiyar Yuni ne zuwa ƙarshen Satumba. Hadari kan zuba a kan tudu mai nisan kilomitoci, ƙasar dutse ce ba ta shanyewa, sai ruwan ya tattaru ya bi ta Antelope Canyon, tsagar dutse da wani wurin kafaɗa biyu ne faɗinta, yana tafe da laka da itace. A Agustan 1997 haka ya kashe masu yawon buɗe ido 11 a can. Ba a shiga sai da ɗan jagora Navajo, in ya ce a fita, a fita.

A mota ma haka. Kwarin da ruwa ya rufe kada a gwada shi. Jihar tana da dokar da ke sa direban da ya kewaye shinge ya shiga ruwa biyan kuɗin ceto shi. In guguwar ƙura ce ta taso, a sauka daga kwalta gaba ɗaya, a ja birkin hannu, a kashe fitilu duka, a ɗauke ƙafa daga birki. Na baya da ba ya gani, jan fitilarki yake bi yana zaton hanya ce.

Wayata tana ta canza lokaci tsakanin garin Page da Monument Valley. Ta lalace ne?

Lafiyarta ƙalau. Arizona ba ta tura agogo gaba a lokacin bazara, ƙasar Navajo kuwa tana turawa, don haka daga Maris zuwa farkon Nuwamba suna gaba da awa ɗaya. Ka saita agogon da hannu, kuma in ka kama gurbi wurin ɗan jagora ka tambaye shi da wane lokaci yake aiki.

Zan iya ɗauko ɗan guntun icen da ya zama dutse a Petrified Forest don tsaraba? Kuma ina da ƙaramin jirgin ɗaukar hoto.

Duka biyun a'a, Alhaji. Ɗaukar ko tsakuwa laifi ne mai tara, jirgi maras matuƙi kuma an hana shi a gandayen tun 2014. Shagunan da ke wajen gandun suna sayar da irin dutsen, wanda aka haƙo a filayen masu zaman kansu, a goge har yana sheƙi.