Tambaya da Amsa: Anti, in cire niƙabi in bi mijina Faransa?

Assalamu alaikum Anti, ina wuni, ya aiki ya iyali. Ni matar aure ce a Tudun Wada nan Zariya, yarana uku, shekara tara kenan ina sa niƙabi kuma wallahi ba wanda ya tilasta min, tun ina Islamiyya na ga ya kwanta min a rai. To maigidana lakcara ne, Allah ya ba shi sikolashif zai tafi Faransa digiri na uku kuma yana so mu tafi gaba ɗaya, sai ƙanwarsa ta ce min can an hana niƙabi har kama mutum ake yi. Hajiyarsa ta ce in cire kawai in bi mijina, aure ai shi ne gaba, ƙawayena na Islamiyya kuma suna cewa in na cire na sayar da addinina saboda kuɗin Turawa. Na rasa barci Anti, dan Allah gaskiya ne an hana? Kuma ke me kika gani?
Daga wata 'yar'uwa, Tudun Wada.

Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah ya sanya alheri a wannan karatu, ya raya mana yara. Ƙanwar mijinki ba ta yi ƙarya ba, an hana. Majalisar Faransa ta yi dokar a 2010 zamanin shugaba Sarkozy, ta fara aiki ranar 11 ga Afrilu 2011, kuma abin da ta ce shi ne ba a yarda kowa ya rufe fuska a bainar jama'a ba, wato titi, kasuwa, asibiti, motar haya, ofishin gwamnati. Tarar ta kai yuro 150, kuma ana iya tura mutum wani ɗan kwas na sanin dokokin ƙasa. Ba gidan yari ake kai mace ba saboda ta sa, amma 'yan sanda za su iya tare ki su ce ki buɗe su ga fuskarki. Shi kuma namijin da aka samu ya tilasta wa mace rufewa, tararsa yuro 30,000 da ɗaurin shekara ɗaya. A cikin gida da cikin masallaci babu ruwan dokar da ke. An kai ƙara har kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai, a 2014 kotun ta bar dokar yadda take, ta ce ƙasa tana da damar kare abin da suka kira zaman tare, a 2018 kuma kwamitin haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce dokar ta tauye haƙƙin wasu mata biyu da aka ci tara, amma Faransa ba ta soke ba, tana nan har yau.

Hijabi daban ne, ki kwantar da hankali ta wannan ɓangaren, babbar mace za ta sa hijabinta ta hau jirgin ƙasa ta je kasuwa ta shiga jami'a ba laifi. Inda nake so ku zauna ke da shi ku yi magana sosai shi ne yaran, in akwai mace a cikinsu. Tun 2004 aka hana ɗalibai sa alamar addini mai bayyana a makarantun gwamnati na firamare da sakandare, hijabi na ciki, a 2023 kuma aka ƙara da abaya. Mu nan da kotun ƙoli ta yanke a Yunin 2022 cewa 'yan mata Musulmi za su sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas, abin zai zo miki banbaraƙwai ranar da 'yarki za ta tsaya ƙofar makaranta ta cire ɗankwali ta sa a jaka. Wannan ya fi batun niƙabin nauyi a wurina, don ke babba ce kin san abin da kike yi, ita kuwa yanzu take ginuwa.

Maganar ƙawayenki ta ɓata min rai gaskiya. Rufe fuska mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kanta tun da can, abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai shi ne fuska da tafin hannu ba al'aura ba ne, Shehu Albani ma ya tafi a kan ba wajibi ba ne, su Shehu Bin Baz da Usaimin kuma suka ce wajibi ne, kuma kowa ya san mace mai harami a aikin Hajji ba ta sa niƙabi. To abin da manya irin waɗannan suka saɓa a kai, ba daidai ba ne wata ta kalle ki ta ce kin sayar da addini. Ki samu malamin da kika yarda da iliminsa, ki faɗa masa halin da ake ciki dalla-dalla har da dokar, ki ji fatawa daga bakinsa.

Ni abin da na gani, kar ki tafi da niyyar za ki riƙa sawa kina wasan ɓuya da 'yan sanda, ke baƙuwa ce a kan biza, mijinki ɗalibi ne, ba ku da ƙarfin wannan rigimar. Kuma kar ki tafi da niyyar za ki kulle kanki a ɗaki shekara uku ko huɗu, babu dangi babu makwabta babu harshe, ga sanyi, wannan yana taɓa lafiyar mutum. In zuciyarki ta natsu da hijabi mai yalwa fuska a buɗe, ki bi mijinki ki shiga ajin koyon Faransanci tun watan farko. In ba ta natsu ba, ki faɗa masa gaskiya yanzu tun ba a buga biza ba, ku duba ko zai riƙa zuwa hutu. Hajiya kuma a lallaɓa ta, tsoronta kar auren ɗanta ya yi sanyi, ba ƙin ki take ba.

Anti barka da war haka. Mun yi musu mai zafi a majalisarmu wajen mai shayi a Samaru, ni na ce duk wannan hana niƙabi da ake a Turai ƙiyayyar Musulunci ce tsagwaronta, wani abokina ɗan Sabon Gari ya ce a'a in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma nemi kara ka ɗaura, baƙo ya bi al'adar masu gari ko ya koma gidansu. Waye mai gaskiya a cikinmu?
Daga wani ɗan'uwa, Samaru.

Ƙanena barka kadai. Akwai ƙiyayya, ba zan rufe maka ba, amma in ka tsaya nan ka bar abu mafi girma a baya, wato ƙuri'a. Ka duba adadi ka gani. Lokacin da Faransa ke wannan muhawara, ƙiyasin hukumominta shi ne masu niƙabi ba su wuce 2,000 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 60, kuma da dama daga cikinsu ma haifaffun can ne, wasu Turawa ne da suka musulunta, to ina maganar baƙo ya koma gidansu? A Suwizalan kuwa, binciken jami'ar Lucerne ya ƙiyasta matan da ke sawa kusan 30 ne kacal a duk ƙasar, amma sai da aka fito ƙuri'ar raba gardama a Maris 2021, kashi 51.2 suka ce a hana, dokar ta fara aiki 1 ga Janairu 2025 da tarar da ta kai faran 1,000. Mata talatin fa. Ko layinmu ɗaya a Tudun Jukun za a samu fiye da haka. In ka ga an tara ƙasa guda a kan mutum talatin, ka san ba su ake nufi ba, ana auna wa zai iya tara jama'a ne a kan tsoron baƙi, kuma mutanen da suka kawo wannan ƙuri'a su ne dai suka kawo ta hana gina hasumiyar masallaci a 2009.

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne na Kanada. A 2011 gwamnatin Stephen Harper ta ce mace ba za ta yi rantsuwar zama 'yar ƙasa da niƙabi ba, wata 'yar asalin Pakistan mai suna Zunera Ishaq ta kai ƙara ta yi nasara a 2015, gwamnati ta ɗaukaka ƙara ta sake faɗuwa, duk wannan ana tsakiyar kamfen, sai niƙabin mace ɗaya ya zama abin da 'yan takarar firaminista ke muhawara a kai a talabijin, aka bar maganar aiki da tattalin arziki. Ta buɗe fuskarta ga jami'a a keɓe aka tantance ta, ta yi rantsuwarta da niƙabinta kwanaki kaɗan kafin zaɓen 19 ga Oktoba, Harper kuma ya sha kaye hannun Justin Trudeau. Ka ga ba kullum wannan ƙugiya ke kama kifi ba. A Faransa ma a zaɓen shugaban ƙasa na 2022 'yar takara Marine Le Pen ta yi alkawarin hana hijabi kansa a titi, ta faɗi, amma ta samu sama da kashi 41 a zagaye na biyu, wannan ba ƙaramin adadi ba ne. Beljiyam ta hana a 2011, Ostiriya 2017, Denmak 2018, Ingila kuwa ba ta hana ba har yau duk da surutan da ake yi.

Abokinka yana da gaskiya ta fuska ɗaya, baƙo ya koyi harshen mutane, ya nemi aiki, ya gaisa da makwabci, ya san dokar gari, wanda ya shekara ashirin a wuri bai iya gaisuwarsu ba ya cuci kansa ya cuci 'ya'yansa. Amma ka tambaye shi, matar da aka ce in ta fito za a ci ta tara, ta ina za ta saje da mutane? Ai gida za ta koma ta zauna. Kuma a 2020 da korona ta zo, gwamnatin Faransa da kanta ta wajabta takunkumi, kowa fuska a rufe ana ciniki ana gaisawa, dokar niƙabi kuma tana nan ba a taɓa ta ba. Kai ma sai ka yi adalci ta ɗaya ɓangaren, ba Turawa kaɗai suka taɓa hanawa ba, Chadi ta hana a Yunin 2015 bayan bama-baman Njamena, Kamaru ta hana a yankin Arewa Mai Nisa a 2015 ɗin, nan gida ma a ƙarshen 2015 shugaba Buhari ya ce in aka ci gaba da ɗaura wa 'yan mata bam za a iya duba batun hana hijabi, mutane suka yi ca. Wannan tsoron rai ne, mu da muka ga harin bam ɗin da aka kai Sabon Gari a Yulin 2015 mun san ba wasa ba ne, kar a haɗa shi da na masu neman ƙuri'a.

Abin da ya fi damuna shi ne mu ma muna yi. A Janairun 1983, shekarar zaɓe, gwamnatin Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adi su fice, kusan mutum miliyan ɗaya 'yan Ghana suka kwashi kaya a buhunan nan da har yau muke kira Ghana Must Go, su kuma Ghana sun riga sun kori namu a 1969 zamanin Busia, Hausawan zango da yawa suka dawo ba ko tabarma. Shi kansa abokin naka, Sabon Garin da yake zaune Turawan mulki ne suka ware ta don baƙi daga kudu, Tudun Wada kuma don 'yan arewa da ba 'yan birni ba, yau ga jikokinsu an haife su nan sun fi wasunmu iya Hausa, amma ranar neman takardar shaidar ɗan ƙasa ko ranar rabon takara sai a tuna kakansu daga ina ya zo. 'Yan'uwanmu da ke Sabo a Ibadan su ma haka ake musu, rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021 bai yi nisa ba. In za ku koma majalisa gobe, ku ɗora wannan a tebur tare da na Faransa, ina so in ji me zai ce.

Salam Anti, ni ina sa niƙabi kuma ban taɓa zaɓe ba saboda an ce sai an ɗauki hoton fuska a gaban maza, shin in haƙura ne kawai?
Daga wata ɗiyarki, Kofar Doka.

A'a 'yata, kar ki haƙura. Na'urar BVAS da INEC ta yi amfani da ita a 2023 tana tantance mai zaɓe ne da zanen yatsa ko da fuska, don haka ki tafi da shirin za a iya buƙatar ganin fuskarki, kamar yadda aka gani ranar da kika yi NIN ko kika buɗe asusun banki. Ki je da sassafe ke da 'yan'uwanki mata, ki roƙi jami'an rumfar cikin ladabi mace ta duba ki, ki juya wa layin maza baya ki ɗaga na ɗan lokaci ki mayar, ba ya ɗaukar minti ɗaya. In ba ki da katin zaɓe ki je ofishin INEC na ƙaramar hukumar Zariya ki tambayi lokacin rajista tun kafin 2027 ta matso, ki ja yayyenki da ƙannenki ku tafi tare.